Satin rangwamen gidajen abinci: ba kowa ke cin ribarsa ba

Jama'a wannan tsarin da manyan birane ke yi na ware sati guda gidajen abinci su karya farashi, ni dai ina sonsa, amma yadda ake tallarsa ne bai kwanta min ba. Ana nuna maka kamar duk inda ka faɗa a satin garaɓasa ce, alhali wallahi akwai wurin da in ka je ranar da babu furomon ma kuɗin da za ka kashe bai kai haka ba.

Abin fa a New York ya samo asali a 1992, lokacin babban taron jam'iyyar Dimokurat, gari ya cika da wakilai da 'yan jarida, sai Tim Zagat, mai wallafa littafin tantance gidajen abinci, da Joe Baum, wani mai gidajen abinci, suka kawo shawarar manyan gidajen abinci su sayar da abincin rana a dala 19.92, wato daidai da lambar shekarar. Abu ya karɓu, sauran birane suka kwafa. Yanzu can sau biyu suke yi a shekara, wajen Janairu da kuma wajen Yuli zuwa Agusta, kuma sunan sati ne kawai, yakan ja makonni. Ku lura da lokutan: Janairu aljihu ya bushe bayan hidimar ƙarshen shekara, Yuli da Agusta kuma mutane sun watse hutu. Kasuwa ce ta yi sanyi, mai gida yana kallon kujeru babu kowa ga haya ga albashi ga kuɗin wuta, shi ya sa ya kira ka. Ba laifi ba ne, kasuwanci ne, amma kar wani ya ɗauka sadaka ake yi.

Yadda suke yi shi ne a yanka farashi ɗaya a ba ka kala biyu ko uku, ɗan abin taɓawa na farko, sai babban faranti, sai kayan zaƙi. To a nan lissafin yake. Kai da ka saba in ka fita faranti ɗaya kake ci da ruwa ka tashi, yanzu an haɗa ka da kala uku, biyu daga ciki da ma ba za ka taɓa saya ba, ka biya fiye da yadda ka saba kuma ka fito kana murna wai an yi maka sauƙi. Sannan farashin da aka rubuta da manyan baƙi yawanci babu abin sha a ciki, babu haraji, babu tukwicin masu kawo abinci, sai an kawo bil ka ga ya kumbura. Abin sha kuwa nan ne suke mayar da kuɗinsu, don ribar da ke cikinsa ta fi ta abincin nesa ba kusa ba. Wasu wuraren ma abincin da suka yi suna da shi ba ya cikin jerin, ko yana ciki amma an rubuta ƙarin kuɗi da ƙananan baƙi a gefe, abin da za a bar maka shi ne wanda kayan haɗinsa ke da araha kuma ake iya dafawa da yawa lokaci guda.

Wanda ke cin ribar gaske shi ne wanda ya nufi gidan da a sauran ranaku ko ƙofarsa ba zai tunkara ba saboda tsada. Can ne ratar ke da faɗi. Gidan da farashinsa da ma tsaka-tsaki ne, ɓata lokacinka kawai kake, je ka wani satin ka zaɓi abin da ranka ke so. Kafin ka kama wuri ka shiga intanet ka duba farashinsu na kullum, ka tara kuɗin kala ukun nan ɗaya bayan ɗaya ka gwada da na furomon, minti biyar ya ishe ka. Kuma abincin rana ya fi na dare sauƙi kusan ko'ina, kicin ɗaya ne, mai dafawa ɗaya ne. Tsakiyar sati ya fi, wasu ma cire Asabar suke yi gaba ɗaya tunda ranar ba sa neman kwastoma. Wuraren kirki kuma da wuri suke cika, in ka tsaya jan ƙafa sai dai ka samu ragowa.

In akwai abin da ba ka ci, don addini ko don lafiya, kira su tun kafin ka fita, don jerin gajere ne kuma ba kasafai suke yarda a canza ba.

Abin da ke ƙona min rai shi ne yadda wasu ke yi wa ma'aikatan. Satin nan aikinsu ninkawa yake, teburi na tashi wani na zama, a tsaye suke wuni, sai mutum ya ci abincin rangwame ya kuma rangwame musu tukwici, har da tsawa wai an makara. Haba malam. A ƙasa irin Amurka inda masu kawo abinci da yawa da tukwicin suke rayuwa, in ka lissafa shi a kan farashin da aka karya to su ka ɗora wa rangwamen ba mai gidan ba. Ka ba su kamar cikakken farashi ka ci, ai ko da hakan ka rage wani abu a aljihu.