Ƙannena masu tseren keke a Legas, ku rabu da tiramol

Ku da ke fitowa daga Agege da Idi-Araba da asubar Asabar, kuna taka keke har gadar Lekki da Ikoyi, ku ba ni aron kunnuwanku. Da an ambaci ƙwayar ƙara kuzari sai hankali ya tafi kan Lance Armstrong, wanda aka ƙwace wa kofuna bakwai na gasar Tour de France a 2012. Tamu matsalar tana nan kusa, a kemis ɗin bakin layi.

Tiramol ba ya ƙara wa ƙafa ƙarfi ko na anini. Zafi kawai yake toshewa, cinya tana kuka kai ba ka ji. Daga nan sai jiri da gyangyaɗi, hannu ya yi nauyin kai wa birki. Kana tsakiyar ayari, tsakanin tayarka da ta na gabanka bai fi taƙi ɗaya ba, ga danfo ya yanko babu sigina. Kai kaɗai za ka faɗi? Ko majinyaci, likita ba ya ba shi fiye da miligiram 400 a yini, don wuce haka kan jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Mai 225 ɗin nan da ake sayarwa a ɓoye kuwa, biyu kacal sun haura.

Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta hana shi a gasa tun Maris 2019, hukumar yaƙi da shan ƙwaya a wasanni ta duniya, WADA, ta bi sahu a Janairun 2024. Nairo Quintana ɗan Kolombiya ya zo na shida a gasar Tour de France a 2022, aka ga tiramol a jininsa, aka share sakamakon.

Mai burin shiga gasa ya sani, "ban sani ba" ba ta fitar da kowa. Duk abin da aka gani a jikinka, a wuyanka yake. In aka zo gwajin ƙwaya, fitsari mililita 90 za ka bayar, a raba shi kwalba biyu, A da B, kuma ana iya ajiye shi shekara goma a sake aunawa. Maganin mura mai sinadarin pseudoephedrine, a daina shi awa 24 kafin gasa. Garin gina jiki da haɗin gargajiya da babu bayanin abin da ke ciki, kar ma ka kusance su. In likita ne ya ɗora ka kan maganin da aka haramta, nemi takardar izini tun da wuri, sannan ranar gwaji ka rubuta duk abin da ka sha cikin kwana bakwai da suka wuce.