Sitibiya ba ta zama a ciki, akwai masu jiran ta a babban hanji

Daren jiya a teburin mai shayinmu da ke Agege gardama ta kaure. Wani dattijo mai fama da ciwon suga ya ciro 'yar ledar garin sitibiya, wato garin zaƙi da ake sha a madadin sukari, daga aljihu, ya zazzaga a kofinsa. Sai wani matashi ya ce, "Baba, don Allah ka daina shan abin nan. An ce ciki ba ya narkar da shi, taruwa yake yi har ya taɓa ƙoda." Dattijon bai ce uffan ba, ya tura kofin gefe. Wallahi abin ya tsaya min a rai, domin bawan Allahn nan ya yi watanni yana kokawa da kansa kafin ya iya rabuwa da sukari.

Yaron ya riƙe rabin gaskiya ne. Sitibiya ganye ce da asalinta Faragwai da Barazil, kuma mutanen Gwarani, 'yan asalin yankin, sun daɗe suna zaƙaƙa abin sha da ita. Sinadaran zaƙin da ke cikinta sun ninka sukari kamar sau 200 zuwa 300. Miyau ba ya iya fasa su, tumbi ma haka, ƙaramin hanji ma haka. Shi ya sa ba sa ɗaga sukarin jini.

Amma tafiyar ba a nan ta ƙare ba. A babban hanji akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da Allah Ya zaunar mana, musamman dangin da ake kira Bacteroides. Ƙwayar zaƙin sitibiya tamkar goro ce a naɗe cikin ganye: akwai ainihin jikinta mai suna sitibiyol, sai guntayen sukarin gulukos maƙale da shi. Bakteriyar nan sai su bi suna tsinke guntayen ɗaya bayan ɗaya, su ci abinsu, su bar sitibiyol tsirara domin shi ya fi ƙarfinsu. Daga nan hanji ya tsotse shi, jini ya kai shi hanta, hanta ta ɗaura masa wani sinadari da zai sa ya narke a ruwa, ya fita ta fitsari. To ina taruwar take?

Japan tun shekarun 1970 suke amfani da ita. A 2008 kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Noma ya ƙayyade miligiram 4 na sitibiyol ga kowane kilo na nauyin mutum a matsayin iyakar abin da za a sha a rana, wato mai kilo 70 yana da miligiram 280. Tarayyar Turai ta amince da ita a 2011.

Inda nake so mu sa ido shi ne bayan leda. Tunda ɗan ƙanƙani ke zaƙaƙa kofi, kamfanoni kan cika garin da wani abu don ya yi auki. Wasu suna sa wani kayan zaƙi mai suna eritiritol, wasu kuwa maltodekstirin ko dekstiros da ake samu daga sitaci, kuma waɗannan biyun ne ke ɗaga sukarin jini yadda ya kamata mai ciwon suga ya ji tsoro. Mutanenmu da yawa a Mile 12 da Idi-Araba a Legas hoton koren ganye kawai suke gani su saya. Kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a dogara da irin waɗannan kayan zaƙi don rage ƙiba, kodayake shawarar ba ta haɗa da masu ciwon suga ba.

Na roƙi dattijon ya ba ni ledar, na haska ta da waya. Maltodekstirin ne na farko a jerin kayan haɗin. Na ce, "Baba, ganyen ba shi da laifi, wannan samfurin ne za ka canza, ka kuma nuna wa likitanka." Ya jinjina kai, ya ce mai shayi ya haɗa masa wani ba zaƙi, ya kuma rage masa burodin zuwa rabi.