Ranar da firintar ofis ta kai ƙarata

Shekara shida ke nan ina aiki a wani kamfanin inshora a Mancesta, kuma a tsawon wannan lokaci babu ɗan Adam ɗin da ya taɓa ci mini mutunci kamar yadda wata na'ura ta yi mini a watan jiya. Yayana ne ya aiko mini da takardar wakilci daga Zariya, domin za a zauna rabon gadon gidan mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, kuma aka ce lallai sai na sa hannu da biro na mayar. Shafi biyu ne kacal. Ba ni da firinta a gida, saboda haka na tura takardar daga wayata zuwa imel ɗin ofis, da lokacin cin abincin rana ya yi na buɗe ta na ba da umarnin bugawa. Maimakon in ji inji ya motsa, sai wani jan rubutu ya bayyana a fuskar kwamfutar, yana sanar da ni cewa an hana wannan aiki, an adana sunana da lokacin da na gwada, kuma an kai rahoto sashen tsaron bayanai.

Washegari manajata ta kira ni wani ƙaramin ɗaki mai bangon gilashi, inda duk mai wucewa zai ga an zaunar da kai ko da bai ji abin da ake faɗa ba. Ta yi mini magana cikin murmushi da taushin murya irin nasu, wanda ba ya hana a rubuta abin da aka yi niyyar rubutawa. Ta bayyana mini cewa akwai manhajar da ke karanta duk takardar da aka nemi bugawa, kuma da ta ga jerin sunaye da ranakun haihuwa da lambobin NIN masu alƙaluma goma sha ɗaya, sai ta ɗauka bayanan abokan ciniki nake ƙoƙarin fitarwa. Sunayen kuwa na 'yan'uwana ne da muke uba ɗaya. Ta ce ba a tuhumata da komai, amma ƙa'ida ta nuna sai na maimaita darasin kare sirri na rabin awa a kwamfuta, in amsa tambayoyin da ke ƙarshensa. Na amsa su duka daidai, zuciyata na tafasa.

Ya kamata in bayyana wa mutanen gida yadda irin wannan ofis yake, domin wanda ya saba da sakatariya mai tulin fayil ba zai iya ƙiyasta shi ba. Babu wanda yake da teburin kansa, kowa sai ya kama gurbi ta waya tun daren jiya, da yamma kuma ya kwashe komai nasa ya kulle a wani ɗan kabad, kada a bar ko guntun takarda a kan tebur. Ramukan da ake cusa filashi a jikin kwamfuta duk an kashe su, ko ka cusa ba za ta gan shi ba. Idan ka tashi shan ruwa, fuskar kwamfutar kan kulle kanta bayan 'yan mintuna. Firinta ɗaya ce a benen gaba ɗaya, a wani lungu, kuma ba ta sakin takarda sai mai ita ya je da ƙafarsa ya kara katin da ke rataye a wuyansa, shi ma sai idan yana cikin 'yan ƙalilan da aka ba izini. Kusa da ita akwai wani akwati mai kwaɗo da siririn baki kamar asusu, inda ake jefa takardun da aka gama da su, wani kamfani na daban ya zo ya kwashe ya daddatsa su. Na daɗe ina ganin duk wannan a matsayin tsabta da tsari, har nakan yi alfahari da shi idan ina ba abokai labari, sai da abin ya faɗo kaina na ga ɗaya fuskar.

Ba zan ce ba su da hujja ba. Dokar kare bayanai ta Birtaniya ta ba ICO, hukumar da ke kula da kare bayanan mutane a ƙasar, ikon cin tarar kamfani har fam miliyan 17.5, ko kashi 4 cikin ɗari na kuɗin da ya shigo masa a duniya cikin shekara, duk wanda ya fi yawa, kuma idan bayanan mutane suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da su, dole a sanar da hukumar cikin awa 72. Takarda kuwa da zarar ta fita daga inji ta shiga aljihu, babu manhajar da za ta iya kiran ta ta dawo. A darasin da aka sa ni maimaitawa ma sai da na tuna labarin Reality Winner, wata ma'aikaciyar kwantiragi da ke yi wa hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA aiki a jihar Jojiya, wadda a 2017 ta buga wani rahoton sirri kan katsalandan ɗin Rasha a zaɓen Amurka ta aika wa jaridar The Intercept ta gidan waya. Masu bincike sun ga alamar ninki a hoton takardar, suka gane bugawa aka yi, suka duba suka tarar mutum shida ne suka buga ta. Daga baya masana suka nuna cewa a jikin takardar akwai wasu mitsi-mitsin ɗigo masu launin rawaya, waɗanda ido ba ya gani, da firintoci masu launi da yawa ke zubawa, masu ɗauke da lambar injin da ranar da aka yi bugun. An yanke mata ɗaurin shekara 5 da wata 3.

To amma wannan labari kansa yana nuna cewa takardar da aka buga tana barin sawu, ita ce ma ta fi saurin tona asirin mai ita. Wanda ya yi niyyar cin amana a ofishinmu ba ya bukatar firinta, domin wayarsa tana aljihunsa, kuma ɗaukar hoton fuskar kwamfuta bai kai ƙiftawar ido ba. Jack Teixeira, matashin sojan saman Amurka da aka kama a 2023 kan zuba bayanan sirri a dandalin hira na intanet mai suna Discord, kwafe rubutun ya fara yi da kansa tun kafin ya koma kai takardu gida yana ɗaukar hotonsu, ga shi nan yana zaman shekara 15. A nan Ingila kuma, a watan Yunin 2021, wani mai wucewa ya tsinci takardun Ma'aikatar Tsaro kusan shafi 50 a jiƙe a bayan wata tashar bas a Kent, ciki har da bayanin jirgin yaƙin HMS Defender da ya ratsa kusa da Kirimiya, ya miƙa wa BBC. Wanda ya yar da su babban jami'i ne, irin waɗanda ba a taɓa rufe wa firinta. Ƙananan ma'aikata irina ake ɗaure wa hannu, alhali masu izinin ne suka fi kowa kusa da abin da ake tsoron ya fita.

Na san abin da mai karatu zai ce, domin ni ma na ci ƙosai a takardar da ke ɗauke da sunayen ma'aikata da albashinsu, kuma na sha miƙa filashi ga yaron shagon buga takardu ya zuba komai a kwamfutar da rabin unguwa ke amfani da ita. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 tana da jan aiki a gabanta, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai ban yarda cewa wannan sakaci yana nufin ba mu san sirri ba, kamar yadda wani abokin aikina ya so ya nuna cikin raha da ya ji abin da ya faru, yana cewa ai ƙasarmu ta yi suna a harkar damfara ta imel. Na yi dariyar yaƙe na bar shi, amma maganar ta kwana a raina, har na fara tambayar kaina ko da sunayen da ke takardar na Turawa ne za a kira ni ɗakin gilashi. Hankalina ya ce na'ura ba ta san ƙabila ba, zuciyata kuma ta ƙi saurarensa.

Mahaifinmu akawu ne, ya yi shekara talatin yana riƙe da fayilolin mutane, ya san wanda aka ƙara wa girma da wanda za a sallama tun kafin su sani, kuma ko mahaifiyarmu ba ta taɓa jin komai daga bakinsa ba. Idan wani ya zo zaure yana bugun cikinsa, sai ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ya canza magana. Mabuɗin kabad ɗin ofis a aljihun rigarsa yake kwana, kuma abin da ya tsare fayilolin nan shi ne an san shi, an san gidansu, shi ma ya san cewa ranar da magana ta fita ta bakinsa ba zai iya ɗaga kai a masallacin unguwa ba. A nan babu wanda ya san ɗan wa nake. Shekara shida ban taɓa makara da rahoto ba, ban taɓa ɓatar da ko tsinke ba, amma a wurin wannan manhaja daidai nake da wanda aka ɗauka aiki jiya, kuma manajar da ta san halina ba ta da ikon cewa a bar maganar, domin ita ma ana duba ko ta bi ƙa'ida. Kamfanin ya gina tsarinsa ne a kan cewa kowannenmu ɓarawo ne da bai samu dama ba tukuna, kuma wannan shi ne abin da na kasa haɗiyewa.

Da na ba Yaya labari a waya, dariya ya yi har da tari, ya ce, "Baturen gidanmu, ashe duk wannan ƙasa taku takarda biyu ta gagare ka? Da ka faɗa mini ai da na sa yaro ya buga a bakin kasuwa, mu ba wani mai zuwa ya kawo maka." Na ce, "Yaya, ka bari kawai, zan san yadda zan yi." Ya ƙara da cewa in hanzarta, domin ni kaɗai ake jira, har autarmu ta riga ta sa hannu.

Ranar Asabar na tafi laburaren unguwa cikin yayyafi, na biya 'yan kwabbai na buga shafukan nan biyu a kwamfutar jama'a. Firintarsu tana can ƙarshen zauren, kuma kafin in ƙarasa wani dattijon Bature ya riga ya kwaso nasa takardun haɗe da nawa. Ya tsaya yana dubawa, ya yi ƙoƙarin karanta sunan mahaifina da ƙarfi ya kasa, sannan ya ɗago ya tambaye ni ko nawa ne. Na karɓa na gode masa, na ari biro a wurin matar da ke kan kanta, na sa hannu a ƙarƙashin sunan Yaya.