A gwada kwalta kafin a biya ɗan kwangila

Duk mai bin hanyoyin ƙauyukan Jigawa bayan damina ya san yadda abin yake. Titin da aka buɗe bara da kiɗa da guɗa, bana ya lotsa daidai inda tayoyi ke bi, gefensa kuma ya fara zaizayewa. Nan da nan sai a ɗora wa ruwan sama laifi, ko tirelolin da ke dakon shanu daga kasuwar Maigatari. Suna da nasu kason, amma a ganina an bar wadda ya kamata a fara tuhuma, wato ita kanta kwaltar.

Kwalta ragowar ɗanyen mai ce bayan an tace shi. Kwalta mai kyau da wadda aka surka da baƙin mai don ta yi auki duk baƙi ne a ido, ɗakin gwaji kaɗai ke raba su. Ana ɗora allura mai nauyin giram 100 a kan kwalta mai zafin digiri 25 na tsawon daƙiƙa 5, a auna zurfin da ta nutse. Kwaltar da aka saba shimfiɗawa a Najeriya, mai lamba 60/70, milimita 6 zuwa 7 allurar ke shiga cikinta; in ta wuce haka, kwaltar ta cika laushi. Irin wannan kwaltar tana fara saki a wajen digiri 50. To, a watan Afrilu zafin iska kan kai digiri 40 a Haɗeja ko Gumel, fuskar titi kuwa ta fi haka nesa ba kusa ba. Idan tun asali an surka ta, ina za ta iya da nauyin tirela a wannan rana?

Akwai kuma gwajin da ya fi tona asiri. A yanko guntun titin da aka gama, a narkar da kwaltar da sinadari, a auna ta daban da tsakuwa. Yawanci ana neman kwaltar ta kai kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari na nauyin guntun. Wanda ya tsuke hannu a nan, ruwa zai ratsa aikinsa, tsakuwa ta warware.

Maginin da ya shafe katangarka da makuba a garinku yake kwana, in ta zube ka san ƙofar gidansa. Ɗan kwangila kuwa ya kwashe motocinsa ya tafi, ya bar mai albasa da mai naƙuda da ramuka.

Masu gwajin muna da su. Akwai injiniyoyi a Jami'ar Bayero da jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, ga cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa, NBRRI, tun 1978. Abin da nake nema shi ne su ɗebi samfurin da hannunsu, ba ɗan kwangila ya kai musu wanda ya zaɓa ba. Za a ce wannan ƙarin kuɗi ne da ɓata lokaci. Aikin 'yan kwanaki ne, kuɗinsa kuma bai kama ƙafar na facin kilomita guda ba. A liƙa sakamakon da Hausa a sakatariyar ƙaramar hukuma, a aika wa hakimi kwafi, sannan a saki ragowar kuɗin kwangilar.