Kada a miƙa wa yaro bindiga kafin ya bi manya daji

Da zarar an kawar da amfanin gona, iskar hunturu ta fara kaɗawa, za ka ga motoci maƙare da matasa da karnuka suna fita daga unguwannin Kaduna da Zariya sun nufi daji. Ba ni da ja a kan farauta, domin sana'a ce da muka gada, kuma halal ce. Abin da ke damuna shi ne yawancin yaran nan ba su taɓa zama a ƙarƙashin wani maharbi ba. Sun dai tara kuɗi ne maƙeri ya haɗa musu bindigar toka, daga nan kowa ya zama gwanin kansa.

A tsarin da muka tarar, yaro ba ya fara farauta da harbi. Ratayar burgami da riƙon kare da ɗaukar nama yake yi, yana bin maigidansa shekara da shekaru, kuma a cikin wannan bi ɗin ne ilimin ke shigarsa. A nan zai ga yadda ake auna albarushi kafin a ɗura, domin bututun da aka yi bindigar da shi yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, idan aka zarce sai ya tsage ya tafi da yatsun mai shi. A nan zai koyi inda bakin bindiga ke kallo idan ana tafiya a jere ko ana tsallake rafi. Da dare kuwa, idan fitilar goshi ta hasko idanu biyu suna ƙyalli a cikin duhuwa, maharbi na gaske ba ya taɓa kunama sai ya ga jikin dabbar sosai, saboda ɗan maraƙin Bafulatani ma idonsa na ƙyalli, kuma motsin da ke bayan ciyawa yana iya zama na abokin tafiya. Ana iya faɗa wa mutum wannan cikin minti guda, amma haƙurin sauke bindiga bayan an riga an saita ba ya samuwa sai ga wanda ya ga babba ya yi hakan a gabansa.

Ta fuskar addini ma akwai ƙa'ida. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo, tare da umarnin a ambaci sunan Allah, kuma duk wanda ya karanta Risala ya san farautar da ake yi don wasa kawai makaruhi ce. Malami zai karantar da hukuncin a zaure, amma wanda zai sa ka bi sawun jinin gadar da ka raunata har ka same ta ka yanka, maimakon ka bar ta ta mutu a wulaƙance, maigidanka ne na daji. Shi ne kuma zai hana ka harbin mai ciki ko mai shayarwa, domin ya san idan aka cinye iri, baɗi sai dai a yi ta yawo da karnuka a banza.

Ban ce duk tsohon maharbi ya cancanci a bi shi ba. Akwai waɗanda abin da za su koya wa yaro bai wuce cinna wa daji wuta don fito da gafiya da zomo ba, wutar da sau da yawa take ƙarewa a kan tarin dawar wani talaka. Akwai masu cusa wa yara cewa maganin tauri ya ɗauke musu taka-tsantsan. Akwai kuma masu kutsawa Gandun Dajin Kamuku da ke Birnin Gwari, wanda ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1999 kuma aka haramta farauta a cikinsa. Uban da zai damƙa ɗansa ga maharbi ya kamata ya bincika halinsa kamar yadda zai bincika wanda ya zo neman auren 'yarsa.

Matsalar tsaro ta ƙara dagula lamarin, domin a ƙauyuka da yawa an riga an haɗa maharbi da ɗan sintiri a jiki guda, kuma matashin da ya fara riƙe bindiga cikin tsoro da fushi yana buƙatar mai tsawata masa fiye da kowa. Lasisin 'yan sanda yana da muhimmanci, amma takarda ce, ba ta bin mutum daji. Shawarata ga masarautunmu da ƙananan hukumomi ita ce a mayar wa Sarkin Baka da ƙarfinsa, ya zamana kowane matashi mai son farauta an rubuta sunansa a ƙarƙashin sanannen maharbi, kuma kada a ba shi izinin fita da bindiga shi kaɗai sai wannan maharbi ya tsaya a gaban mai unguwa ya shaida cewa ya gamsu da hannunsa da hankalinsa.