Babur ɗin ƙanƙara: masu neman kofi da masu neman lada

Jama'a, duk wanda ya ga bidiyon masu tseren babur ɗin ƙanƙara suna tashi sama a Facebook zai ɗauka kuɗi suke haƙa da cebur. Ra'ayina shi ne sana'ar ba ta ciyar da mafi yawan masu yinta, kuma inda wasan ya fi amfanar mutane shi ne hawan tara kuɗin taimako, muddin masu shirya shi ba su mai da shi gasar gudu ba.

Abin hawan kansa ba shi da taya. A gaba takalman sulɓi biyu ne, a baya faffaɗan bel na roba irin na katafila. Joseph-Armand Bombardier ne ya fito da samfurin Ski-Doo a garin Valcourt na Kanada a 1959, kuma har yau can da arewacin Amurka ne gidan wasan. A Eagle River da ke jihar Wiskonsin ake gasar zagaye a kan daskararren fili tun 1964. A Sault Ste. Marie ta Mishigan akwai I-500, wato mil 500 a kan da'ira mai tsawon mil ɗaya, tun 1969. Mafi wuya kuwa Iron Dog ne na Alaska, wanda aka fara a 1984: fiye da mil 2,000, mutum biyu da babura biyu a kowace ƙungiya, domin ba a barin kowa shi kaɗai a wannan dajin. Mahayan har salatif suke mannawa a kumatu don kada sanyi ya cinye musu fata.

Yadda ake shiga sana'ar sananne ne. Yaro yana farawa da ƙaramin inji mai cc 120, uban ne makanike, uwar ce mai riƙe lissafi, ana jan tirela daga gari zuwa gari duk ƙarshen mako. Wanda ya yi fice a gasar yanki sai ya hau ta ƙasa, inda manya ke hawan inji mai cc 600, mai shan fetur haɗe da baƙin mai kamar ƙaramin janareto. Kakar ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, daga farkon hunturu zuwa Maris. Kujerun da kamfanoni ke biya wa albashi 'yan kaɗan ne, kuma kamfanonin ma raguwa suke yi: Yamaha ta sanar a 2023 cewa za ta daina ƙera waɗannan babura. Sauran mahayan da rani gini suke yi, ko tuƙin babbar mota, ko kanikanci, su tara abin da hunturu zai cinye.

Kuma hunturun yana ci. Bel ɗin kuloci shi ne abu na farko da ke tafiya. Idan kulocin gaba da na baya ba su daidaita ba, ko aka danna totur alhali bel ɗin ƙasa ya daskare, sai ya yi zafi ya tarwatse, shi ya sa babu mai hankalin da ke fita ba tare da na ajiya ba. A yawancin baburan, injin ba iska ce ke sanyaya shi ba, dusar ƙanƙarar da bel ɗin ƙasa ke watsowa a kan faranti na ƙarfe a ƙarƙashin kujera ce, kuma ita ce ke jiƙa robobin da bel ɗin ke zamewa a kai. Saboda haka a kan tsurar ƙanƙara mai santsi, inda babu dusa, inji kan tafasa robobin su narke, sai an ɗaura wasu wayoyi masu kartar ƙasa suna feso ƙanƙara. A injin mai kafireto kuma, idan sanyi ya tsananta iska takan yi nauyi, fetur ya yi kaɗan a cikin haɗin, fistin ya ƙone. Ƙusoshin da ake kafawa a bel ɗin ƙasa da wuƙaƙen ƙarƙashin takalman gaba dole su tafi tare: ƙusa ta yi yawa babur ya ƙi shan kwana, wuƙa ta yi tsawo baya ya kubce.

Jiki ma yana biya. Caleb Moore ya rasu a Janairun 2013 bayan babur ya faɗo masa a gasar wasannin kasada ta X Games a garin Aspen na Amurka. Mike Schultz ya rasa ƙafarsa ta hagu bayan hatsarin tsere a 2008, sai ya ƙera wa kansa gwiwar ƙarfe, ya kafa kamfani da ita, har ya ci zinare a wasannin nakasassu na 2018 a Koriya ta Kudu. Ana yawan ba da labarinsa, ya kuma cancanta, amma ba kowa ne ke tashi daga gadon asibiti da kamfani ba. Tucker Hibbert, da ya mamaye tseren tsalle-tsalle shekara da shekaru, ya ajiye a 2018 yana da shekara talatin da 'yan kai. Wannan shi ne gwarzon ke nan.

To ga ɓangaren taimako. A Ontariyo ta Kanada akwai Snowarama, wadda ɗan kokawa Whipper Billy Watson ya assasa a 1975 don yara masu nakasa. Tsarin mai sauƙi ne: kowane mahayi ya bi dangi da abokai ya karɓi alkawarin gudummawa, ranar taro a hau hanyar da aka share, a tsaya a wuraren da aka ware, a dawo a ci abinci. Ba wanda ake riƙe wa agogo. Wannan tsarin nake goyon baya, domin kuɗin ya riga ya shigo kafin a tayar da inji, kuma abin da ake kashewa kaɗan ne.

Matsala tana farawa idan aka ce bari a sa kofi don jama'a su cika. Da zarar an riƙe agogo, inshora ta canza, sai motar asibiti a tsaye, sai shinge tsakanin 'yan kallo da fili, sai mai duba kowane babur: birki, hular kwano, rigar kare ƙirji, da igiyar da ake ɗaura wa mahayi wadda ke kashe inji in ya faɗi. Duk wannan daga kuɗin marasa lafiya ake cirewa. Wanda ya tsallake ɗaya don a rage tsada, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Mafi hatsari shi ne gwajin gudu a miƙe a kan tafki. Hukumar albarkatun ƙasa ta jihar Minesota ta ce babur ɗaya yana buƙatar inci 5 zuwa 7 na sabuwar ƙanƙara garai-garai, farar ƙanƙara kuwa sai an ninka, don rabin ƙarfi gare ta. Wannan lissafin babur ɗaya ne, ba na ɗaruruwan mutane da motocinsu da tantin sayar da shayi a wuri guda ba. Ana huda ƙanƙarar a auna a wurare da dama, musamman bakin rafi da kusa da gada inda ruwa ke gudu a ƙasa, a sake aunawa da safiyar ranar. Filin tsayawa bayan layin ƙarshe ya zama mai tsawo, babu kowa a cikinsa. Hunturun 2023 zuwa 2024 ya zo da ɗumi a wannan yankin har aka soke taruka da yawa. A irin wannan yanayi, masu tsarin alkawari suna iya karɓar kuɗinsu duk da haka, masu jiran kuɗin ƙofa kuwa sai su tashi da asara.