Yadda Bayana Ya Ƙi Miƙewa a Ɗakin Duba Hanji

Mutane da dama suna zaton ma'aikaciyar jinya a sashen duba ciki da hanji ba ta da aiki sai miƙa wa likita kayan aiki, alhali kuwa rabin aikinmu dambe ne da jikin mutumin da aka yi wa allurar barci. Babban hanjin ɗan Adam ya kai kusan mita ɗaya da rabi, kuma yana da lanƙwasa da yawa, musamman ta ƙasan ciki a gefen hagu, inda bututun kyamara kan naɗe ya ƙi gaba. Idan haka ta faru, mu ake kira mu danne cikin majinyaci da tafin hannu, mu tsaya a sunkuye har sai likita ya wuce wurin.

A ranar da abin ya same ni, tun da safe nake sanye da rigar dalma, wadda ke kare mu daga hasken na'urar ɗaukar hoto lokacin da ake cire tsakuwa daga bututun matsarmama, kuma nauyinta kaɗai ya isa ya gajiyar da kafaɗa da ƙugu. Ina cire ta aka turo mana wani Alhaji mai jiki, wanda nauyinsa ya haura kilo 100. Masana lafiyar ma'aikata a Amurka sun ƙayyade cewa kada mai jinya ya ɗaga abin da ya wuce kilo 16 na jikin majinyaci da hannu, amma ƙafar Alhaji guda ɗaya ma ina jin ta kusa cike wannan ƙa'ida.

Mun kwantar da shi ta gefen hagu kamar yadda aka saba, aiki ya yi nisa, sai bututu ya cije. Likita ya ce a mayar da shi rigingine, abokiyar aikina kuwa ta fita neman wani abu, don haka na jawo Alhaji ni kaɗai, na sunkuya na danna cikinsa. Nan take na ji wani abu ya ce ƙas a ƙuguna, wani zafi ya tsarga har cinyata, bayana ya ƙage a daidai matsayin mai ruku'u.

Likita, wanda idonsa ke kan allon na'ura, ya ce cikin murna, “Yauwa Sista, haka nake so, kada ki motsa ko kaɗan!” Ban taɓa bin umarnin likita da irin wannan biyayya ba. Bututu ya wuce sumul har ƙarshen hanji, likita ya kammala, ya yaba mini a gaban kowa, ya cire safar hannu ya fita, ni kuwa ina nan a duƙe ina kallon zanen gado.

Da Alhaji ya fara farfaɗowa ya gan ni a sunkuye a gefensa, sai ya ɗauka gaisuwa nake yi. Ya ce da murya ƙasa-ƙasa, “Tashi, 'yata, ya isa haka, Allah ya yi miki albarka.” Na ce, “Amin, Baba, ai tashin ne ya gagara.” A daidai lokacin ne iskar da aka hura masa a hanji domin kyamara ta ga hanya ta nemi fita. A ƙa'idar aikinmu wannan abin farin ciki ne, har mukan ƙarfafa wa majinyata gwiwa su sake ta ba tare da kunya ba, sai dai galibi muna ba da wannan shawara ne daga ɗan nesa.

A ƙarshe dai a kan gadon tura majinyata aka fitar da ni, an lulluɓe ni da zane saboda sanyin ɗakin. Iyalan Alhaji da ke jira a ƙofa suka taso da salati, har uwargidansa ta kama ƙafata tana kuka, kafin ta lura da takalmin aiki na mata.

Gwaji ya nuna jijiya ce ta ɗaure, ƙashin baya lafiya lau, aka ba ni magani da hutu da gashin baya. Ranar da na koma aiki ina ɗingishi, likita ya tare ni a baranda da fara'a, ya ce akwai sababbin ɗalibai a sashen, kuma yana so in koya musu irin tsayuwar nan da na yi a kan cikin Alhaji.